Gurbin Goshi

Ranar Asabar da ta wuce, wata yarinya cikin sababbin da aka kawo mini koyon ɗinkin hula ta ɗago kai ta ce, "Inna Mairo, wai wata nawa zan yi kafin in fara karɓar aiki?" Alhali zaren ma sai ta lashe shi ta sake lashewa kafin ya shiga allura. Na dai miƙa mata ƙyalle. Amma tambayar ta zauna mini a rai, shi ya sa na ɗauko biro. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya ina goye da autana, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri. Idon ma ya fara ja da baya. Gara in faɗa muku abin da na sani tun ina ganin layi.

Kayan aikinmu duka ba su cika gwangwanin madara ba. Allura, almakashi, reza, biro da rula na zane, sai 'yar fatar da ake naɗa wa yatsa don kada gindin allura ya huda shi. Yadi kuwa farin alawayyo ne, a yanka shi gida biyu: dogon da zai zagaye kai, shi ne jiki, da mai da'ira da zai rufe sama, shi ne kai. A zana, a bi zanen ana hudawa, kowane huji a zagaye shi da zare har ya zama kamar idon fara. Shi ke nan. Wannan ƙarancin kayan ne yake ruɗar ku, kuna ganin abin da ya shige gwangwani ba zai gagari mutum ba. To, ku sani hannun da ya taɓa daddawa ko man gyaɗa ba ya taɓa alawayyo sai an wanke shi da sabulu ya bushe. Ba a ɗinki da fitila, launi yana yi wa mutum ƙarya. Ba a ɗinki cikin fushi, zare yana tsukewa, mai wankin hula ya ɗora ta a gungume ta fito a murɗe, ya aiko miki da maganar da ba za ki so ji ba.

Hular farko da na gama, a hannun surukata na yi ta, mahaifiyar maigidana Malam, wadda muke ce wa Iya. Daga Baure aka kawo ni gidan nan na Daura, ban san komai ba sai daka da surfe. Iya ta bar ni ina kallo har rani ya wuce, sannan ta ba ni ƙyalle da farin zare. Fari a kan fari, layi miƙaƙƙe, babu fure babu tauraro. In na kai mata sai ta ɗaga shi sama ta kalli rana ta cikin hujin, ta miƙo mini reza in tsinke. Na tsinke layin nan har yatsuna suka san shi ba sai ido ya duba ba. Da ta yarda na yi hula sukutum, na zage na cika ta da aiki tun daga sama har bakin ƙasa, ban bar wurin da tsinke zai tsaya ba. Na kai mata ina jiran yabo.

Ta jujjuya ta. Ta ce, "Mairo, sakaya ƙofa."

Na sakaya. Sai na ga tsohuwa ta tuɓe ɗankwali, ta kifa hular namiji a kan furfurarta, ta fuskanci gabas ta durƙusa ta kai goshi tabarma. Hula ta suɓuce ta gangara har gindin randa. Dariya ta kusa ƙwace mini, na danne ta da bakin mayafi.

Ta ce, "Yi dariyarki, ai abin dariya ne. Amma da a sahu ne fa? Bawan Allah ya zo gaban Ubangijinsa, sai hankalinsa ya bi hula."

Ranar ta nuna mini abin da take kira gurbin goshi. A bakin hula ta gaba, faɗin yatsa biyu, ana sassauta aiki. A rage huji, a saki zare, a bar yadi ya yi laushi. In mutum ya ɗan tura ta baya zai yi salla, sai wurin ya kama kansa ya zauna, goshi ya sami ƙasa, hula ba ta faɗi ba. Daga nesa ba a gani. In an matso, sai a ga kamar zanen ya ɗan huta a wurin. Ta ce, "Komai kyan aikinki, kada ya shiga tsakanin mutum da ƙasa." Tun daga ranar hula ba ta fita gidan nan sai an sakaya ƙofa an gwada ta. Iya ta rasu, na ci gaba da kifawa a kaina. Kun sha gani, kuna ƙunshe dariya, ina jin ku.

Masu sayenmu a lokacin mutanen kasuwa ne da na gona. Akwai wani dattijo daga Magarya da yake tsallako iyaka ya kwashi na gidan nan ya kai can. Bai taɓa duba fure ba. Sai ya cusa hula a tafin hannu ya matse, ya sake ta, in ta miƙe da kanta ya jefa a buhu. Akwai angwaye, su launi suke so, a gan su daga bakin layi. Akwai tsofaffi masu zuwa da tsohuwar hula a aljihu su ce, "Irin wannan, kada a ƙara kada a rage." Malam ma haka yake. Dillancin awaki yake yi a kasuwar Mai'adua, rana da ƙura da zufa, hula ba ta daɗe masa, ina gama wata yana cinye wata.

Cikin duk waɗanda suka zauna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidan nan suka riƙe allura, ban ga mai hannun 'yata ta fari ba. Sunan Iya aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata, mahaifinta kuwa "uwata" yake kiranta. Ba a yabon ɗan fari, amma aiki nake faɗa, ba 'ya ba. Layin da na yi damina ina tsinkewa, ita kafin a gama girbin gero ta wuce shi. Tana iya kallon ƙofar zaure ko jeren tukwane a kasuwa ta dawo ta zana su a alawayyo, su zama abin da ba a taɓa gani a hula ba.

Tana sakandare wani malamin zane ya ga littafinta ya ce mata ita mai fasaha ce. Wallahi bai yi ƙarya ba, sai dai kalmar ta shige ta kamar yaji. Ta fara soke fensir a ɗankwali ko kasuwa za ta. Ta sayo tabarau wanda ba na magani ba, tana sa shi in za ta yi zane. Zanen da muka gada ta raɗa masa "zanen ƙauye". In baƙi suka ce, "Ummi ana ta ɗinki?" sai ta ce, "Ni ba ɗinki nake yi ba, fasaha nake yi." Kowace hula ta gama sai ta ɗinka sunanta a ciki da jan zare, ta ɗauki hotonta a waya.

Malam yana zaune yana shan fura ya ce, "Uwata, wannan tabarau, da shi ake ganin fasahar?"

Ta ce, "Baba, kai fa ba ka san zamani ba."

Ya ce, "Ina na san shi? Ni akuya na sani. Ita ko ta sa tabarau akuya ce."

Ta yi fushi ta shige ɗaki, ya bi ta da ƙuli-ƙuli yana lallashi.

Gurbin goshi shi ne abin da ta fara yarwa. Ta ce yana karya mata zane, kamar a rubuta magana a bar tsakiyarta babu komai. Na ce Iya ce ta bar mana. Ta ce, "Inna, masu sayen nawa ba a turɓaya suke salla ba." Na ci gaba da ɗinkina. Gwajin sakaya ƙofa kuwa cewa ta yi ita ba za ta kifa hular maza a kanta ba kamar mai taɓin hankali.

Azumin ƙarshe da ta yi a gidan nan kafin aurenta, ta zauna ta yi wa mahaifinta hular salla. Ban taɓa ganin irinta ba, har yau. Ruwan toka ce da shuɗi mai duhu, aikin ya haɗe tun daga kai har baki babu inda alawayyo ya leƙo, in ta sha rana sai ka ce ruwa ne yake motsi. Tsayuwa take da kanta kamar ƙwarya. Mai wankin hula da ya kawo ta da kansa ya zo, bai aiko yaro ba, ya ce yana son ya ga hannun da ya yi ta. Malam ya sa ta ranar Idi ya fita yana taku ɗaiɗai.

Da ya dawo Ummi ta tare shi a zaure. "Baba, me mutane suka ce?"

Ya ce, "Uwata, ai yau ba a kalli kowa ba sai ni."

Sai da ta fita yawon salla ya faɗa mini sauran. A sujadar farko hula ta faɗi, ta gangara ta ratsa sahun gaba. Ya ƙarasa sallarsa kai a buɗe, rabin zuciyarsa na wurin kada a taka ta. Ya ce, "Kada ki faɗa wa uwata." Tun daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Zai fita da hular Ummi a kai, tsohuwa irin tawa a naɗe cikin aljihu. In ya isa ƙofar masallaci sai ya musanya, ya ajiye tata a gefe cikin ƙyalle. In an sallame ya mayar.

Aka kai Ummi Kano, can mijinta yake aiki. Sunanta ya fita a waya, manyan mutane suna aiko mata da awon kansu.

Sai ga muguwar shekara, wadda aka rufe iyaka. Dattijon Magarya bai ƙara zuwa ba. Zare ya yi tsadar da sai ki riƙe shi ki yi ta juyawa ki ajiye. Ga hulunan inji sun cika kasuwa, masu sheƙi, an zuba su a ƙasa kamar tumatir, matasa suna ɗiba. Kasuwar awaki ma ta kwanta. 'Yan matan da nake koya wa suka watse, wasu suka koma tuyar awara. Na gama huluna na jera a kwalla babu mai tambaya. A wannan shekara Ummi ce ta riƙe gidan nan, wannan kowa ya sani. Aiki ya yi mata yawa, sai ta riƙa zanawa a can ta ba direba ya kawo tasha, da zarensa da komai, mu ɗinka a nan mu mayar. Da zanenta muka ci tuwo har kaka.

Wata ranar Laraba da hantsi ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Inna, waɗanda kuka aiko, duk an sassauta bakinsu ta gaba. Mai su ya ce kamar zare ne ya ƙare."

Na ce, "Gurbin goshi ne."

"Na sani. Ai ban zana shi ba. Don Allah, Inna, ki bi zanen yadda yake."

Na ce, "Na gwada. In na iso wurin hannun ne ba ya wucewa."

Ta ce to. Daga nan saƙon tasha ya fara raguwa har ya tsaya. Ta sami masu yi mata a can yadda take so. Ba ta daina aike ba, shinkafa da sabulu ba su yanke ba, sai dai alawayyo bai ƙara zuwa ba. Waya ta koma ina kwana, ya yara, a gai da Baba. In na zauna ƙarƙashin darbejiya, wurin da take zama yana nan, inda ta goge jikin bangon da bayanta. Ban ce wa kowa ya zauna a wurin ba, ban kuma hana ba. Ba a dai zauna ba.

Malam ya kwanta bayan damina biyu. Ciwon bai ja ba. Ummi ta iso an riga an kai shi.

Bayan addu'ar bakwai, da safe, ƙanensa ya ce a fito da tufafinsa a raba wa mabukata. Ina cikin takaba, sai Ummi ta jawo akwatin ta zauna a tabarma tana fitarwa. Ta jera hulunansa. Nawa duk sun tsufa, kuma dukkansu wuri ɗaya suka ci: bakin gaba ya yi duhu, zaren ya lalace, wata ma har ta ɓule. Can ƙasa ta ciro tata a naɗe cikin ƙyalle, tana sheƙi kamar jiya aka kawo ta daga wanki.

Ta ce, "Inna, wannan ai kamar ba a taɓa sa ta ba. Bai so ta ba ne?"

Na ce, "Ya so ta. Babu ɗaurin aure ko suna da aka yi a unguwar nan da bai je da ita ba. Har kasuwa yakan kai ta ya nuna wa abokansa sunanki a ciki."

Ta ɗauki ɗaya cikin tsofaffin, ta shafa wurin da ya yi duhu da babban yatsa. "To waɗannan fa, me ya cinye su haka?"

"Waɗannan su suke shiga masallaci da shi."

Ta dube ni. Malam ya ce kada in faɗa, amma wanda ya hana ya tafi, kuma ita ta tambaya. Na faɗa mata na ranar Idi, da na aljihu, da musanyar ƙofar masallaci. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa a kai ba.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta riƙe hulunan biyu, ɗaya a kowane hannu, har rana ta iso tabarmar. Da aka kira azahar ta yi alwala ta tayar da salla a ɗakina. Ta kai goshi ƙasa ta daɗe, ta daɗe, har na fara tunanin ko jiri ne ya ɗebe ta. Da ta sallame ta zauna ba ta juyo ba.

Ta ce, "Inna, kin san shekara da shekaru in na yi sujada, zanen darduma nake kallo? Ina cewa nan da an sa shuɗi, nan layin ya karkace. Sai in sallame ban san me na karanta ba." Ta shafa goshinta. "Yau na ji ƙasa. Ashe tana da sanyi."

Na ce, "Tana da shi."

Can ta ce, "Ki nuna mini."

Na ɗauko gwangwani da guntun alawayyo. Muka fita ƙarƙashin darbejiya, ta zauna a wurinta, bayanta ya sami bangon. Na nuna mata yadda ake rage huji, yadda ake sakin zare ba tare da ya kwance ba. Sau ɗaya ta gani ta kama, hannun nan nata bai canja ba. Washegari mijinta ya zo ɗaukarta, yara na makaranta. Tsofaffin hulunan aka raba, ta roƙi guda ɗaya, wadda ta ɓule. Tata ma ta tafi da ita.

Na fita takaba, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ran nan da la'asar sai ga ɗan acaɓa daga tasha da ƙulli. Na kwance. Hular Malam ce, ruwan toka da shuɗi. Ta bi bakin gaba da reza ta tsinke faɗin yatsa biyu, ta sake ɗinke shi sakwa-sakwa. Wanda ya san aiki ya san abin da wannan yake nufi: tsinke aikin da ya haɗe haka ya fi ɗinka shi wuya, kuskure kaɗan yadi ya yage. Na juya cikinta. Jan zaren sunan babu shi, sai sawun allura.

Na sakaya ƙofa. Na tuɓe ɗankwali na kifa ta, na kai goshi tabarma. Ta zauna daram.

Na kira ta na ce saƙo ya iso. Ta ce, "Ta faɗi?"

Na ce, "Ba ta faɗi ba."

Na ji ta sauke numfashi. Ta ce, "Inna, kada a ajiye ta a akwati. A ba wa wanda ba ya rasa jam'i."

Na aika wa ladanin masallacin unguwarmu, tsoho ne, tare suka taso da Malam, kansu ma kusan ɗaya. Da fari ya ƙi, ya ce wannan ta masu mota ce, ina shi ina ita. Na aika masa cewa Ummi, uwar abokinsa, ce ta ce a ba shi. Ya karɓa.

To, ke mai tambayar wata nawa, ban san amsarki ba. Ni damina guda na yi a kan layi ɗaya. Wadda ta fi ni hannu ta yi shekaru kafin ta iso faɗin yatsa biyu. Ki zo da safe da hannu a wanke, ki karɓi farin zarenki.

Ummi ta ce in an yi hutun makaranta za ta zo ta kwana biyu, tana so mu yi hula guda tare tun daga yanka, irin ta tsofaffi, fari a kan fari. Hutu ɗaya ya wuce, ƙaramin ɗanta ya yi ƙyanda. Na biyu ma ya wuce, aiki ya riƙe ta. Na riga na yanka alawayyon, jiki da kai, na naɗe na sa a kwalla. Ban zana komai a kai ba.

Ladan yana wucewa ta ƙofar gidan nan in zai je kiran la'asar. Jiya na leƙa ta zaure na tsayar da shi muka gaisa, ina gaisuwar ina kallon bakin hular. Ya fara duhu. Na ɗauko waya zan faɗa mata, sai na ajiye. Wannan ba abin faɗa ba ne, sai ta zo ta gani da idonta.